Ranar da Aka So Kafa Turaku a Fadamar Mandera

Har gobe ban manta da safiyar da na buɗe baki gaban Baturen gona a Mandera ba. Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku saurara.

Bayan an dawo daga yaƙin Bama aka ɗauke ni ƙaramin malamin gona a ofishin Bodinga. A tsarin lokacin, Baturen gona ne a sama, sai babban malami, sai akawu, sannan irinmu masu zagaya ƙauyuka a kan keke. Na gama makarantar midil, kuma in rahoto ne da Turanci, ba wanda ya fi ni tsara shi. Amma da zarar Bature ya dube ni ya yi tambaya, sai harshena ya yi nauyi. Wannan abu ya daɗe yana ci mini rai.

Masinjan ofishinmu tsohon soja ne, Kofur Arzika. Ko sunansa bai iya rubutawa ba, amma Turanci a bakinsa sai ka ce ruwan famfo, duk da karyayye ne. Wata rana ya ga yadda na daskare gaban Bature, da muka fito sai ya tare ni.

"Malam, Turancinka cikin akwati shi ke, awa rigas salla. Mi za shi yi maka can?"

Na ce tsoron kuskure nake.

"Ni kullum sai na yi kuskure ɗari, kuma ba a taɓa kai ni gidan yari ba. Daga gobe, in munka hau keke, babu Hausa tsakaninmu sai mun kai tsamiyag ga ta Sifawa."

Haka muka ɗora. Kowace safiya, duk abin da idona ya gani sai na faɗe shi da ƙarfi: jaki ya ƙi tafiya, dawa ta yi kai, mata suna ɗiban ruwa. In kalma ta ɓace mini, ba ya bari in tsaya, sai dai in zagaya in faɗi abin ta wata hanya. In na yi masa Hausa, sai ya zama kurma. Mutanen hanya suka fara cewa malamin gona ya samu taɓuwa, har gwaggona ta aiko mini da rubutun sha. Na sha, na ci gaba. Kafin shekara ta zagayo, na lura na daina shirya magana a zuci kafin in furta ta.

A ƙarshen wata damina aka kawo sabon Bature, saurayi mai zafin nama, wanda bai fara jin Hausa ba. Yana neman filin gwajin auduga. Ya zagaya ƙasar Shagari, ya ga fadamar Mandera kwance cikin ciyawa, ba shuka ko ɗaya, sai ya rubuta cewa fili ne da ba mai aiki da shi. Ka'ida ita ce a tara masu ƙasa a tambaye su. In sun yarda, ya sa hannu, a kafa turaku, daga nan fili ya fita hannunsu.

Aka taru ƙarƙashin wata ɗorawa. Akawu, wanda shi ne tafinta, ya bayyana abin da Bature yake so. Sarkin Noma, dattijo mai farin gemu, ya durƙusa ya ce, "To, ranka shi daɗe. Mun jiya. Allah shi ba ka nasara." Sauran manoma suka amsa da "madalla", kawunansu a ƙasa.

Akawu ya juya ya ce sun ji, sun gode. Bai yi ƙarya ba, abin da suka faɗa ke nan. Amma ni ɗan ƙasar ne. Na san talakanmu ba ya ce wa babba a'a a bainar jama'a. Sai ya amsa da ladabi, ya koma gida, ya nemi wanda zai kai kukansa ta bayan fage. Su a ganinsu yanzu aka fara magana. Ba su san alƙalamin da ke hannun Bature yana shirin rufe ta ba. Kuma albasar fadamar nan ita ce abincinsu na rani.

Ƙaramin malami ba ya magana sai an tambaye shi, an kori wasu a kan abin da bai kai haka ba. Na waiga, na ga Kofur riƙe da kekunanmu, ya zuba mini ido. Kafin in gama shawara da zuciyata, sai na ji bakina ya riga ni.

Na nemi gafara da Turanci, na ce wa Bature mutanen nan ba su yarda ba, girmama shi kawai suka yi. Bature ya ɗago fuska ja wur, ya ce to me ya sa suka bar fili ya zama daji? Na ce jira suke ruwa ya janye. Kalmar dashe ta gudu daga kaina, ban tsaya ba, na ce albasa jaririya ce, a gida ake renonta, sai ta yi ƙwari a kai ta fadama. Na roƙe shi ya biyo ni taku ɗari kacal.

Na buɗa ciyawa na nuna masa gwafannin jigo da ake ɗebo ruwan ban-ruwa da su, da bakin rijiyoyin da laka ta rufe. Na kai shi bayan gidaje, inda irin albasa ya fito kore shar a fangali, wurin da ake renonsa. Ya jero mini tambayoyi, ina amsawa, wasu daidai, wasu a karkace, amma duk ya gane. Daga ƙarshe ya ce in tambayi Sarkin Noma ainihin abin da ke ransa.

Dattijon ya dube ni ya ce, "Ɗana, hwaɗa mishi in anka amshe hwadamag ga, tashi za mu yi."

Na faɗa masa kamar yadda aka faɗa, ban rage ba. Bature ya rufe alƙalami ya sa aljihu. Turakun da aka ɗauko, a kan jakin da ya kawo su suka koma. Ban taɓa jin daɗi a aiki irin na ranar ba.

Abin da na koya shi ne, a aikinmu takarda ba ta tashi tsaye ta yi magana. Manomi yakan ce "to" zuciyarsa tana kuka, kuma wanda zai faɗi kukan dole bakinsa ya saba tun kafin ranar ta zo.

Washegari na hau keke ina ta zumuɗi, na fara yi wa Kofur godiya da Hausa. Ko kallona bai yi ba. Ya nuna gaba da haɓa, ya ce da Turancinsa na soja, "Ba mu kai tsamiya ba tukuna."