Shekarar da Baffa Shitu Ya Koma da Wuƙarsa

Yayana Yusha'u shekararsa hamsin da biyu, furfura ta cinye masa rabin gemu, amma har yau in aka ce "shugaban matasa" a cocinmu shi ne yake amsawa. Da can abin dariya yake ba ni. Yanzu haushi yake ba ni, wani lokacin kuma tausayi.

Gidan Sulle muke, wani ɗan ƙauye a gefen Gwangwan ta ƙasar Rogo, gidaje ashirin da 'yan kai, kusan duk dangi ɗaya. Kakanmu Sulle Bamaguje ne, a kan al'adarsa ya mutu. 'Ya'yansa wasu suka musulunta, wasu suka bi masu bishara. Mahaifinmu yana cikin waɗanda suka shiga coci, ƙaninsa Baffa Shitu kuma yana cikin waɗanda suka shiga masallaci, katanga ɗaya ce tsakanin gidajen biyu.

Yusha'u manomi ne, da rani kuma yana gyaran famfon tuƙa-tuƙa. Ba ƙauyen da babur ɗinsa bai shiga ba daga Jajaye har Kurugu ta ƙasar Ƙaraye, kuma duk inda ya durƙusa yana kwance famfo sai an yi masa tambayar nan. Mutum zai ji Hausarsa, ya ji sunansa, azahar ta yi a ga bai tashi ba, sai a ce, "Malam Yusha'u, ba ka ji kiran salla ba ne?" Ya goge hannu ya yi bayani. In kuma taro ya kai shi babban coci a birni, can ma ba hutu, a tare shi da Turanci ana so ya ba da labarin ranar da ya bar Musulunci. Ya sake bayani, cewa shi a coci aka raɗa masa suna. Ban taɓa ganin mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa wajen bayanin kansa kamar yayana ba.

Yana da shekara talatin da ɗaya aka ce ya riƙe zumuntar matasa na shekara uku, kafin a samu wanda ya dace. Zaɓe bakwai ke nan ana neman wanda ya dace. Duk wanda ya raina ya kawo ƙarfi sai ya tafi: wannan aikin soja, wancan acaɓa a Abuja, 'yan mata kuma aure ya kwashe su. Kowace Asabar ƙarfe huɗu yana coci da sababbin yara da tsofaffin tambayoyi. Me ya sa ake ce mana arna a makaranta? In abokina Musulmi ya rasu zan bi gawarsa? Yana amsa su ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar yau ya fara jinsu. Bara likita ya ce masa jininsa ya hau, ya rage wa kansa kaya. Ya dawo ya zauna a ƙofar ɗakina ya ce, "Maijidda, wannan zaɓen na watan ɗaya zan sauka. Na gaji." Na ce da ma tuni ya kamata.

Ya faɗi haka ne don a karo na farko akwai wanda zai miƙa wa. Ilu ɗan wani ɗan'uwanmu ne, shekararsa ashirin da bakwai, ya yi karatun koyarwa a birni, kuma abin mamaki ya dawo gida ya kama aiki a firamare. Ya iya jita, ya iya magana, ya san Littafi Mai Tsarki ciki da bai. Kafin zuwansa matasa goma sha ɗaya ke zuwa taro, da ya zo suka haura talatin. Yusha'u kan zauna a benci na baya yana kallonsa yana murmushi, har ya fara zancen zai ƙara kiwon tumaki in ya huta.

To, akwai wata al'ada tamu tun zamanin mahaifinmu. Matasa suna da gonar gyaɗa ta zumunta, in an sayar sai a sayi awaki biyu na Kirsimeti. Amma ba mu muke yankawa ba. Da safiyar ranar Baffa Shitu ke shigowa da wuƙarsa, ya fuskanci gabas ya yi bisimilla ya yanka, saboda in aka dafa kowane gida a ƙauyen ya iya ci ba tare da shakka ba. Kwano yana shiga ko'ina. Da babbar salla su ma namansu yana tsallako mana katanga. Ban taɓa jin wani ya tsaya ya ce me ya sa ba, sai Ilu.

Asabar biyu kafin Kirsimeti ne, ina wurin don mu matan zumunta ne za mu yi girkin. Ilu ya miƙe ya ce, "Shugaba, akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Mu muka yi noman, mu muka sayi awakin, bikin Ubangijinmu ne. Me ya sa sai wani ya sa hannu kafin naman ya ciwu? Hannunmu ƙazanta ne? Shekara uku ina makaranta ana ware mini kofin shan ruwa. Na dawo gidan ubana ma sai in tarar mu da kanmu muna ware hannunmu?"

Gaskiya ni ma maganar kofin nan ta taɓa ni, don an yi mini.

Yusha'u ya ce, "Ilu, a wurinmu ko wa ya yanka za mu ci, ba abin da ya ɗaure mu. Su akwai abin da ya ɗaure su. Wanda ba a ɗaure yake ba shi ne zai iya matsawa ya ba ɗan'uwansa wuri. Ba ƙasƙanci ba ne. Ubangijin da muke bikinsa bai saba cin abinci shi kaɗai ba."

"Ai har malamansu wasu sun ce yankanmu ya halatta. Na ji a waya."

"Baffa Shitu bai yarda da haka ba. Ni kuma da Baffa nake zaune, ba da malaman cikin waya ba."

Aka yi dariya, Ilu ya zauna. Yusha'u ya ɗauka magana ta ƙare, don shi a ganinsa in ka yi wa mutum bayani da kyau shi ke nan. Wannan ce wautar yayana tun yana yaro.

Ran Kirsimeti na fito da tukwanena gari ya ɗan waye, sai na tarar da awakin a rataye a jikin darbejiyar bayan coci, an riga an feɗe. Ilu na tsaye da jini a hannu, samari shida kewaye da shi suna ta murna. Kafin in buɗe baki Yusha'u ya iso. Ya dubi awakin, ya dubi Ilu. Muna cikin haka muka ji sallama.

Baffa Shitu ne, da sandarsa, da wuƙarsa naɗe a tsumma. Ya kusa tamanin, tun jajibere nake jin ƙarar wasa wuƙar ta bayan katanga. Ya gaisa da kowa yadda ya saba, ina kwana, ina gajiya, yaya sanyi, barkanku da biki. Sannan idonsa ya kai kan darbejiya. Ya ɗan tsaya.

"Ashe kun riga kun gama," ya ce. "To, madalla. Allah ya maimaita mana."

Ya sa wuƙar a hammata ya juya. Yusha'u ya bi shi yana "Baffa, Baffa", tsohon ya ɗaga masa hannu kawai ba tare da ya waiwayo ba. Ni kam da ƙasa za ta tsage da na shige.

Sai maganar kwanuka ta taso. A nan zan faɗi laifina, don ni ce na ja Yusha'u gefe na ce, "Yaya, Baffa ba mai surutu ba ne. Sauran gidajen ba su sani ba. A kai musu kamar kullum, wa zai gane?" Ya kalle ni yadda bai taɓa kallona ba. Ya ce, "Mu ciyar da mutane abin da suka ce ba sa ci, da sunan Yesu, ran haihuwarsa?" Ya sa muka ɗora wata tukunya daban, shinkafa da wake da mai da yaji, ba ko ƙashi. Bayan an tashi daga sujada shi da kansa ya ɗauki kwanukan gida gida, a kowace ƙofa yana cewa bana ba nama, ga dalili. Gida goma sha ɗaya, bayani goma sha ɗaya, mutumin da likita ya ce ya huta.

Kwanon Baffa ya bari na ƙarshe, ya ce Ilu ya ɗauko su je tare. Ilu bai musa ba, wannan kam zan ba shi. Ni ma na bi su. Muka tarar da tsohon a zaure yana jan carbi. Ilu ya durƙusa ya gaishe shi ya ce, "Baffa, ban yi don in wulaƙanta ka ba. Haƙƙinmu na ga ya kamata mu riƙe."

Baffa ya ce, "Na sani, ɗan nan. Awakinku ne." Ya buɗe kwanon ya duba ya rufe. "Ni ba naman ba ne, ina haƙoran? Tun da yayana ya rasu, ranar nan ce kaɗai a shekara ake aikowa a ce ana jirana a gidansa. Shi ke nan fa. Ku gaida mutanen gida."

A hanyar dawowa na share hawaye da bakin zani. Yusha'u ma idonsa ya kaɗa. Ilu ya ce, "Na ji tausayinsa, Shugaba. Amma tausayi daban, gaskiya daban. Baɗi ma in ni ne, haka zan yi." Na jira in ji bayanin da yayana zai kawo, shi da ba ya rasa bayani. Bai kawo ba. Ya ce kansa na ciwo, ya shige gida.

Lahadi ta biyu a watan ɗaya aka yi zaɓe. Kowa ya san Yusha'u zai sauka, har matarsa ta soya gyaɗa za ta raba. Fasto ya tashi ya ce bisa ga al'ada sai an fara tambayar mai riƙe da kujera, in yana so ya ci gaba ba a ja da shi. Ya tambaya yana murmushi, irin tambayar da an san amsarta. Yusha'u ya dafa benci ya miƙe da ƙyar. Ya ce, "Zan ƙara uku."

Na ga Ilu ya ajiye jitarsa a hankali ya jingina ta da bango.

Da muka fito ban bari ya kai gida ba. Na ce, "Saboda akuya? Za ka kashe kanka saboda akuya biyu? Yaron nan shi kaɗai ya tsaya maka a shekara ashirin da ɗaya!"

Ya ce, "Yara talatin zan ba shi, Maijidda. Duk a ƙauyen nan za su zauna, da katanga ɗaya tsakaninsu da mutane. Ya ga tsoho ya juya da wuƙa a hammata, ya ce baɗi ma haka. In bar masa su yanzu?"

"Da ka ba shi, da nauyin ya koya masa."

"Wataƙila," ya ce.

Ilu bai yi rigima ba. Ya ci gaba da zuwa sujada, yana gaida Yusha'u har ƙasa, amma ya daina zuwa ran Asabar, samarin da yake ja su ma suka janye ɗaya bayan ɗaya. Kafin damina ta faɗi ya samu aikin koyarwa a wata makarantar kuɗi a Kaduna. Wata Asabar da hantsi zai tafi, Yusha'u ne ya ɗaure masa jaka a bayan babur ya kai shi tashar Rogo, ya tsaya har motar ta cika, ya dafa kansa ya yi masa addu'a a gaban 'yan kamasho.

Da ya dawo bai shiga gidansa ba, ƙofata ya zo ya zauna a kan turmi ya ce in ba shi ruwa. Ya sha rabi, ya riƙe kofin yana kallon ƙasa.

"Maijidda," ya ce, "anya ba ni ne na yi kuskure ba?"

Na so in ce masa a'a. Na buɗe baki ma, amma shi ne ya hana ni yin ƙarya ran Kirsimeti, sai na kasa. Can ya tambaye ni ƙarfe nawa, na ce huɗu saura kwata. Ya ajiye kofin, ya dafa gwiwa ya tashi. Yara tara ne suka zo ranar, babban cikinsu shekararsa goma sha huɗu.