Yaron da Bai San Sunansa Ba

Ƙarfe goma da kwata na safe agogon bangon asibitin ya nuna sa'ad da layi ya zo kaina. Mu uku ne a ɗakin awo: ni, da ma'aikaciyar jinya wadda kowa ke kira Sista, da ɗana na fari goye a bayana. Ya wuce shekara biyu da rabi, yana tafiya, yana ci, amma bai iya kalma ko ɗaya ba. Sauran matan da ke zaune a baranda madarar gari suka zo karɓa. Ni abin da ya kawo ni shi ne a faɗa mini ko bebe na haifa.

Kafin in ce abin da ya faru a ɗakin, sai na koma baya, don ba na son labarin da aka soma daga tsakiya.

An kawo ni gidan gandu ne, a wani ƙauye tafiyar hantsi daga Ɗanbatta. Gona na jikin gona, gida na jikin gida, idan maƙwabciya ta ɗaga taɓarya sai ka ji a ɗakinka. A gidan akwai maigidana, da wansa da matarsa da 'ya'yansu, da mahaifiyarsu da muke kira Inna. Na yi firamare har aji shida, kuma tun ina yarinya an san ni da son komai a kan tsari. Da na haihu, na riƙe kunyar ɗan fari yadda aka koya mini. Ba na kiran sunansa. Ba na yi masa wasa, ba na yi masa hira. In ya yi kuka a gaban mutane sai in kau da kai har wani ya ɗauko shi ya ɗora mini a cinya. Ban ga laifin wannan ba a lokacin, yanzu ma ban gani ba, domin yaron bai rasa komai ba. Yaran gida suna faman ɗaukarsa. Inna kuwa daga safe zuwa yamma tana tsokanarsa.

“Angona, ka tashi? Ina cefanen? Miji sai barci da tumbi! Wallahi in ba ka kawo goro ba yau zan kai ka gaban alƙali.”

Shi kuma yana wangale baki yana mayar mata da gwarancinsa. Ina ji daga bakin murhu, in sunkuyar da kai kamar ban ji ba.

Sai shekarun fari suka zo, gidan ya soma raguwa bi da bi. Da farko gyaɗa ta lalace. Shekara ta kewayo gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Aka sayar da awaki. Wan maigidana ya kwashe iyalinsa suka koma wajen Ungogo, inda ya sami aikin buga bulo. Maigidana ya tafi ci-rani kudu, damina ta zo bai dawo ba, saboda babu abin da zai dawo ya nome. Inna ta kwanta ciwo, ba ta tashi ba. Allah ya jiƙanta. Da lokacin yaye ya yi, gwaggona ta Zakirai ce ya kamata ta karɓi yaron, tunda mahaifiyata ta daɗe da rasuwa. Ta aiko a ba ni haƙuri, ta ce bakunan da ke gabanta ma sun fi ƙarfinta. Na shafa maɗaci a nono na yaye shi da kaina.

Ƙauyen ma ya canza. An fasa rumbuna a unguwarmu, mai unguwa ya ce kowa ya riƙa kulle ƙofa. Baƙi daga arewa suna wucewa da 'yan shanun da suka rage musu, muna leƙensu ta ramin zana, su ma suna tsoronmu. Mata suka daina shiga gidajen juna, don wadda ta shiga sai a zaci abinci ta zo nema, wadda aka shigo wa kuma ta rasa abin da za ta miƙa. Saura ni da yaron a gidan da a da ba ka jin maganar kanka don hayaniya.

Ban yi sakaci da shi ba. Da asuba in yi salla, in dama masa kunu, in yi masa wanka, in shafa masa mai. In na sami tafasa ko rama in kwaɗanta, in ba shi mai laushin. In gero ya yi kaɗan, nasa nake fara cirewa. Duk wannan ina yi bakina rufe, kamar yadda na saba. Gwarancin da yake yi wa Inna ya ragu, ya ragu, har ya ɗauke. Zai zauna gindin turmi yini guda yana zuba ƙasa daga wannan hannu zuwa wancan. In yana son ruwa ya je ya dafa randa ya tsaya. Wata rana na lissafa a raina: zama ya yi a kan lokaci, rarrafe a kan lokaci, tafiya a kan lokaci. Magana ce ta ƙi zuwa. Washegari na goya shi na kama hanyar asibiti.

Sista babbar mace ce, ta kusa haifata, mai faɗa da dariya a haɗe. Ta rataya shi a sikeli, ta duba idonsa da harshensa, ta matsa ƙafarsa.

“A wannan zamani wannan ai sarki ne,” in ji ta. “Me kike ba shi, ki ba ni in ci?”

Na ce, “Ba ya magana, Sista.”

Ta zaunar da shi a benci, ta zagaya bayansa ta tafa hannu. Ya juya da sauri.

“Kunne lafiya lau. Yaya sunansa?”

Na sunkuyar da kai. A da in na zo awo, Inna ko matar wan maigidana ke amsa wannan tambayar.

“Ke, da ke nake. Ko ke ce bebiyar?” Ta dube ni, sai ta yi dariya. “Au, ɗan fari ne? To, 'yar kunya, ni yanzu in rubuta ‘wannan’ a katin?”

Na ce na iya rubutu. Ta miƙo mini biro, na rubuta mata a tafin hannuna. Ta karanta, ta koma bayansa, ta kira shi da sunan. Bai juya ba. Ta sake kira da ƙarfi, yana nan yana kallon ƙafarsa. Ta tafa hannu, ya juya. Dariyar ta bar fuskarta.

“Wa ke kiransa a gida?”

“Kakarsa ce. Ta rasu.”

“Allah ya jiƙanta. Babansa?”

“Yana kudu.”

“Yaran gida? Maƙwabta?”

Na faɗa mata yadda gidan ya watse.

“To wa ke masa magana?”

“Babu.”

Ta ja kujera ta zauna gabana. Ta ce, “Yarinya, saurara. Yaro sai ya ji, sannan ya kwaikwaya, sannan ya faɗa. Kin ciyar da ciki, Allah ya yi miki albarka. Kunnen ne ke kwana da yunwa. Ba ni da allurar wannan.”

Na ce, “Ɗan fari ne, Sista.”

“Na ji. Ni ma nawa ban taɓa kiran sunansa ba, ga shi nan da gemu. Amma ni gidanmu cike yake. Ke kunyar wa kike ji? Turmi ko randa?”

A hanyar komawa raina a ɓace yake, don ba na son a yi mini dariya. Amma abu ɗaya ya zauna mini: ta ce ji ne farko, faɗa ne ƙarshe. Na gane an tsallake mataki, kuma na san aikin da aka tsallake masa mataki ba ya kyau.

Na iso gida na kulle ƙofa, na zaunar da shi a tabarma, na zauna gabansa. Na buɗe baki na rasa abin cewa. Na gwada irin wasan Inna, muryata ta fito kamar ta mai karanta sanarwa, na ji kunya na tashi. Ban iya wasa ba, ba a yi ni da shi ba. Abin da na iya shi ne aiki. Don haka da na ɗauko ɗan geron da za mu ci, sai na soma faɗin abin da hannuna ke yi.

“Da farko a zuba gero a turmi. A yayyafa ruwa. Sai surfe. An surfa, sai bakace. An bakace, sai wanki. An wanke, sai daka. An daka, sai tankaɗe.”

Haka na riƙa yi da komai. Wanka, daga kai zuwa ƙafa, ina faɗin kowace gaɓa. Alwala, ina faɗin kowace gaɓa. Hura wuta, jan ruwa a rijiyar da kullum sai an ƙara wa igiyarta tsawo. Da farko bai kula ba. Daga baya na lura ya bar wasa da ƙasa, ya koma kallon bakina.

Sunan ne ya fi yi mini wuya. Na kai shi bayan rumbu, inda ba mai ji, na faɗa a hankali. Bakina ya yi nauyi kamar na zagi babba. Bai juya ba. Na ci gaba da yi kullum kafin in ba shi kunu, sunan tukuna, sannan ludayi. Ran da ya fara juyowa, na ajiye ƙwaryar na shiga ɗaki na ɗan jima.

Zana ba ta ɓoye murya. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, da muke kira Iya, ta ɗaga murya wata safiya daga nata tsakar gidan.

“Ke amarya! Ke da wa kike hira kullum? Ko mutanen ɓoye sun tare a gidan?”

“Ni da yaron ne, Iya.”

“Wane yaro? Na farin? La'ilaha! Har da suna na ji kina kira. 'Ya'yan boko, ba kunya ba ta-ido.”

Na ce, “To Iya, ƙofa a buɗe take. Ki zo ki yi masa, ni in yi shiru.”

Ta yi tsaki. Amma da la'asar sai ga ta da sandarta. Ta zauna ta dube shi ta ce, “Kai ne mijin marigayiya? To ni na gaje ka. Tashi ka ba ni kuɗin zance, mummuna.” Yaron ya yi dariya da sauti, abin da na manta rabon da in ji. Ta zo 'yan kwanaki, sannan ɗanta ya zo ya tafi da ita birni, don ita ma rumbunta ya ƙare. Na koma ni kaɗai, da jita-jitar da ta bari a unguwa cewa kaɗaici ya taɓa mini kai. Ban je na wanke kaina wurin kowa ba.

Bazara ta yi tsanani. Wata rana ina surfe, ban ci komai ba tun jiya, na ce, “An surfa, sai…” Jiri ya ɗebe ni, na jingina da taɓarya na rufe ido. Sai na ji wata 'yar murya a shaƙe daga gindin turmi.

“Kace.”

Na buɗe ido. Yana nuna faifai da yatsa. Na ce, “Haka ne. Sai bakace.” Na ɗauki faifan na bakace. Na ce, “An bakace, sai…” Ya ci gaba da kallona. Ranar kalma ɗaya ya bayar. Babu wanda zan faɗa wa, sai na yi alwala na yi nafila.

Daga nan kalmomi suka riƙa zuwa, a hankali, kuma duk na aiki ne. Da ruwa ya sauka sosai, maigidana ya dawo a rame. Ran da aka fara ajiye masa tuwo, ya miƙa hannu, yaron ya tsaya a kansa ya ce, “Da farko a wanke hannu.” Maigidan ya dube shi ya dube ni.

“Wannan ɗa na bari ko mai unguwa?”

Tun daga ranar na koma ga kunyata a gaban mutane, ban sake kiran sunan ba. Hirar aiki dai ban daina ba sai da aka haifi ƙannensa gida ya sake cika.

Ya yi magana, alhamdu lillahi, ya yi makaranta. Amma bai zama mai surutu ba, kuma bai iya wasa ba, kamar ni. Ƙannensa da suka tashi cikin mutane bakinsu ba ya hutawa. Ban sani ba ko halinsa ne, ko watannin nan na shiru ne suka bar masa wannan. Ba ni da ilimin da zan raba.

Ya girma ya shiga soja, har aka tura su wata ƙasa aikin kiyaye zaman lafiya. Da ya dawo ya zo gaishe ni, na tambaye shi abin da ya gani. Bai yi zancen bindiga ba. Ya ce sun yi gadin wani sansani na waɗanda yaƙi ya kora, ana kawo abinci a manyan motoci, yara suna ƙoshi, amma da yawansu sai su zauna jikin tanti yini guda ba sa cewa komai. Ya ce abin ya tsaya masa a rai, bai san dalili ba. Na ce Allah ya kyauta. Ban ba shi labarinsa ba, ba abin da uwa ke faɗa wa ɗan fari ba ne. Yanzu maigidana ya rasu, yara sun watse, in ya bugo waya mukan gaisa, ya tambayi jikina, in tambayi iyalinsa, sai mu yi shiru har ɗayanmu ya ce sai an jima.

Wuya ta sake zagayowa, ina ganin maza suna barin ƙauyuka, ƙofofi suna rufewa. Ina roƙon wanda ya karanta wannan, namiji ko mace: ka duba unguwarku. In akwai gidan da aka bar yarinya ita kaɗai da ɗanta na fari, ka je, ko ka tura matarka ko mahaifiyarka. Ba sai an kai komai ba. A yi sallama, a tambayi sunan yaron wurin maƙwabta, a kira shi da shi, a tsokane shi har ya amsa. Sannan a koma gobe.