Abin da ke ƙarƙashin wayata

Shekarar da na shiga ajin yaƙi da jahilci ita ce shekarar da hanyar Mora ta lalace da rashin tsaro. Na haura arba'in, ina fawa a unguwar Rumde Ajiya ta Garwa, kuma duk wata nakan hau arewa sayen shanu. Malamarmu ta ce mai son hannunsa ya saba da baƙaƙe ya nemi waya mai allo ya riƙa rubuta saƙo. Sai na sayi ta hannu wurin wani mai koro shanu daga bakin iyaka. Ya rantse mini ya share komai. Na duba, ba hoto, ba lamba.

Wata huɗu tana hannuna. A cikinta na rubuta wa ƙanena saƙona na farko, kalma biyar, na wuni ina haɗa su. A cikinta na ɗauki muryar malama tana jan baƙi, ina saurare ina sara ƙashi. Saura kwana huɗu in yi tafiya, wayar ta ƙi tashi. Tambarin kamfani ya fito, ya mutu, ya sake fitowa.

Na kai wa mai gyara a bayan kasuwa, wani Bafulatani da ya yi jami'a a Maruwa, mai yawan zolayata cewa wayata warin kitse take. Ya ce a cikin kowace waya akwai ƙaramin mai gadi da ke fara farkawa, shi ke tada maigida, wato babban tsarin da ke nuna hotuna da lambobi. Nawa mai gadin lafiyarsa lau, maigidan ne ya ƙi amsawa. Ya danne maɓalli biyu, ya jona ta da kwamfuta, allon ya yi baƙi, fararen baƙaƙe suka hau gudu. Ya ce zai kwashe duk cikinta zuwa kwamfutarsa tukuna, don kada saƙonnina su tafi idan ya zuba sabon tsari.

Yana cikin kwasa ya daina zolaya. Ya juya allon daga wajen titi.

"Kawu, wa ya sayar maka da wannan?"

Na gaya masa, na ƙara da cewa mutumin ya share komai. Ya ce sharewa a waya goge suna ne kawai daga jerin sunaye, kamar a kankare shaidar da ke jikin saniya. Saniyar tana nan cikin garke har sai an kawo wata an ɗaure a turkenta. Ya nuna mini hoto ɗaya, ƙarami. Mutane da bindigogi, baƙar tuta, wani a durƙushe gindin bishiya. Akwai irinsa da yawa, masu motsi. Ban ce ya kunna ba.

A lokacin ana karɓar wayoyi a shingayen hanya. Wani dillali da muke cin tuwo tare an sauke shi daga mota saboda abin da aka turo masa, har ranar ba a ji ɗuriyarsa ba. Ni kuwa sau huɗu ina ratsa shingayen nan da wannan a aljihu.

Na ce in jefa ta kogin Binuwai. Ya ce masunta suna tsamo abubuwa, kuma lambar jikinta ta riga ta haɗu da layin da aka yanka da katin shaidata. Hanya ɗaya ce, a bi kowane turke a rubuta sifiri a kai. Na roƙe shi ya cire mini muryar malama da saƙon nan. Ya ce jerin ya karye, sai ya buɗe ɗaya bayan ɗaya kafin ya gane nawa, shi kuwa ba zai ƙara buɗe ko ɗaya ba.

Na ce ya rubuta.

Na zauna har la'asar ina kallon sifiri suna jeruwa. Shi ne abu na farko da na karanta da kaina a kwamfuta.

Da ya miƙo mini ita ya ce da sauran aiki, domin waya fayau ita ma abin tuhuma ce. Kwana uku ina cika ta. Lambobin suna kaina tun zamanin da ban iya rubutu ba, sunayen ne suka ba ni wuya. Na ɗauki hoton shanu, da teburina, da ƙofar masallaci.

A shingen bayan Maruwa wani soja ya karɓe ta. Ya yi tambaya da Faransanci, direba ya fassara: me ya sa tsohuwar waya komai nata ɗan kwana uku ne? Na ce mutuwa ta yi aka gyara. Ya shiga tanti da ita. Na tsaya a rana, ƴan motarmu kowa ya kau da kai. Da ya fito ya cilla mini ita, ya ɗaga wa direba hannu.

Mai koro shanun ban sake ganinsa a kara, kasuwar shanu, ba, ban kuma tambaya ba. Da na koma Garwa na biya in yi godiya, na tarar mai gyara ya sauya kwamfuta. Ya amsa gaisuwata da Fulatanci, a taƙaice, kamar ta baƙo. Har ya tashi daga rumfar bai ƙara ce mini kawu ba.