Barewa a Titin Jirgin Kostanj

Shekara goma sha tara Nedjeljko Matak ya yi yana riƙe da kundin aiki na kamfanin jiragen shata na Tonko Lukin, kuma ban sami wanda ya taɓa ganin ya buɗe shi don karatu ba. Buɗewarsa iri ɗaya ce: ya ɗaga ƙarfen da ke riƙe da shafuka, ya zare tsoho, ya cusa sabo, ya mayar kan kanta. Nedo kowa ke ce masa a filin jirgi.

Ɗan tsibirin Kostanj ne, ubansa masunci. Da ƙuruciya ya so tuƙin jirgin sama, likitan soja ya nuna masa allon launuka ya kasa raba ja da kore, aka tura shi sito. A can ya koyi abu ɗaya da ya rayu a kansa har tsufa: kada ka sa hannu a ƙarƙashin maganar da za a iya kama ka da ita. Daga soja ya yi ta sauya ofisoshi a birnin Zadar, har Tonko, wanda ke auren 'yar kawunsa, ya sayo jirage biyu masu kujera tara-tara yana kai masu yawon buɗe ido tsibirai. Doka ta ce sai kamfani ya ba da sunan wanda zai ɗauki nauyin kundin aiki. Nedo yana da suna, yana da kwat, ba ya da wani aikin.

Kundin nan ba abin wasa ba ne. Cikinsa ake faɗin wa ke da ikon cewa jirgi ya tashi ko kada ya tashi, yadda ake auna kaya da fasinja, man da dole a bari a tanki, abin da za a yi idan na'ura ta lalace, wa za a kira idan an yi haɗari, da halin kowane titin da kamfanin ke sauka a kai. Rubuta shi aikin watanni ne. Nedo ya gama a mako guda. Wani makanike da ya dawo daga ci-rani ya ba shi kwafin kundin wani kamfanin arewacin Norwe da ya rufe. Nedo ya sa kwamfuta ta cire sunan kamfaninsu ta sa na Tonko, ta cire sunan garinsu ta sa Kostanj. Shafi ɗari huɗu da goma sha biyu, da bango shuɗi.

Matuƙan kamfanin duk 'yan gaɓar nan ne, ba su buƙatar takarda ta gaya musu halin tsibirin. Akwai shafin da kowane matuƙi ke sa hannu cewa ya karanta ya fahimta. A tsaye suke sa masa hannu, da kofin gahawa a hagu.

A watan Yuni na bara aka ɗauki Halina Sroka, 'yar Poland, don ta tuƙa jirgi na biyu a lokacin zuwan baƙi. Ranar Litinin Nedo ya miƙa mata biro. Ta ajiye biron ta ɗauki kundin. Ranar Laraba da safe ta dawo da shi cike da ƙananan takardu masu ruwan ɗorawa. Tonko yana ofishin, sakatariyarsa ma tana nan, daga bakinta na fara jin labarin.

"Ranka ya daɗe, barewa nawa ce a Kostanj?" in ji Halina.

"Wace irin barewa kuma?" in ji Nedo.

"Ta ƙasar ƙanƙara, mai ƙaho kamar reshe. Shafi na ɗari biyu da tamanin ya ce kafin in sauka sai mai gadi ya tabbatar min an kore su daga titi. Shafi na gaba ya ce tsawon titin mita dubu biyu da ɗari huɗu ne, da fitilu, da motar share dusar ƙanƙara guda biyu."

Titin Kostanj mita ɗari bakwai ne na ciyawa, ƙarshensa teku.

"Yarinya, wannan ai tsari ne kawai," in ji Nedo. "Kowa ya san titin."

"Ni ban san shi ba, shi ya sa aka rubuta littafi. Kuma na nemi iskar bora, wannan mai ƙarfi da ke gangarowa daga duwatsu, daga farko har ƙarshe ban ga inda aka ambace ta ba. Jiya matuƙa uku na tambaya ƙarfin iskar da suke fasa sauka a kai, na sami amsa uku."

Ta ce ba za ta sa hannu ba sai an rubuta ainihin tsawon titin, da lambar iskar gefe da idan an wuce ta ba a sauka. Ba sa hannu, ba tuƙi. Rukunin farko na baƙi kuwa Asabar za su iso, jirgi ɗaya ba zai kwashe su ba.

Tonko ba ya ɗaga murya. Ya dubi surukinsa ya ce, "Nedo, Juma'a da azahar. Ko ta sa hannu, ko ka kwashe tarkacenka daga teburin nan."

Ranar Laraba da yamma Nedo ya yi abin da ya iya. Ya sa kwamfuta ta cire barewa ta sa tumaki. Bisa sa'a ya faɗi gaskiya, domin tumakin mutanen tsibirin a titin suke kiwo. Ya gyara tsawon titin, tun da wannan lambar tana rubuce a allon ƙofar filin, ba tasa ba ce. Halina ta duba ta ce madalla, saura iska.

Alhamis da hantsi ya gangara bakin tashar jiragen ruwa wurin Krsto Vodopija, wanda ya yi shekara talatin yana sauka a Kostanj kafin gwiwa ta zaunar da shi. Ya same shi yana karta da tsofaffi 'yan uwansa.

"Baba Krsto, tambaya ce da ni game da iskar bora."

"Kai? A Kostanj aka haife ka, iskar bora ce ta karkata maka kai, yau ni za ka tambaya?"

"Don kundi ne."

"Au, ashe kundin naka yana da ciki. Mun ɗauka bango ne kawai." Masu karta suka yi dariya. Krsto ya kife katinsa. "Rubuta. Idan gajimare ya yi wa dutsen Velebit hula, ka shirya. Idan teku ya fara hayaƙi a mashigin, ka tsaya gida. Iskar gefe ta wuce kilomita talatin a awa, jirgin Tonko ba ya sauka a Kostanj. Ba ruwana da abin da masu ƙera shi suka ce, su ba su san tudun da ke bayan coci ba, inda take karyowa ta bugi fiffike. Talatin. Na gwada talatin da biyar sau ɗaya, na canza wando."

Nedo ya rubuta a bayan takardar abinci. Na ga takardar da idona. Lambar tana nan, har ya ja mata layi biyu.

Juma'a da ƙarfe goma sha ɗaya ya kawo sabon shafi, an buga shi tsaf, da kwanan wata da sa hannunsa a ƙasa. Hular Velebit tana ciki, hayaƙin teku yana ciki. Inda lamba za ta zo sai ya rubuta: "Matuƙi zai yi la'akari da ƙarfin iska gwargwadon hali."

Halina ta karanta sau biyu ta mayar masa. Tonko ya karɓa ya karanta.

"Krsto bai ba ka lamba ba?"

"Ya bayar."

"Tana ina?"

"Tonko, ka tsaya ka ji. Idan na rubuta talatin, wani ya sauka a ashirin da tara wani abu ya faru, sunan wa ke ƙasan shafin?"

"Naka. Don haka aka ajiye ka a kujerar tun farko."

Sakatariyar ta ce Nedo ya daɗe yana kallon biron da ke hannunsa. Saura kusan awa guda, lambar tana aljihun kwat ɗinsa, harafi biyu ce. Bai rubuta ba. Da azahar ya kwashe kofinsa da hoton jikokinsa. Babban matuƙin kamfanin ya karɓi nauyin kundin, ya rubuta talatin, Halina ta sa hannu, baƙi suka tashi Asabar a jirgi biyu.

Saboda matar Tonko ba a kore shi gaba ɗaya ba. Yanzu shi ke tsayawa a ƙofa yana nuna wa fasinja inda za su ɗora jakunkunansu a sikeli. Wani ne ke karanta nauyin ya rubuta. A can na same shi a watan jiya, cikin kwat ɗinsa, na tambaye shi ko yana da-na-sani.

"Na me?" in ji shi. "Shekara goma sha tara, ka je ka bincika. Ba mutum ɗaya da zai nuna maka kuskuren da na rubuta da hannuna."

Na bincika. Gaskiyarsa ne.