Kurmar ɗakin haihuwa

Kullum da safe, kafin masu shara su gama da baranda, za ka tarar da ita a ɗakin haihuwa tana matsa 'yar robar hura iska a tafin hannunta, ta ji ko tana aiki. Ta shimfiɗa tawul ƙarƙashin fitilar ɗumi, ta wanke hannu har gwiwa. In ka gaishe ta, gira kawai za ta ɗaga maka. Shi ya sa matan layinmu suka laƙaba wa ungozomar nan Kurma. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, wasu marasa kunya har da cewa gara haka.

Ni dai an san ni, ba a dafa zance a unguwa ban ɗanɗana ba. Amma wannan gulmar na tofar da ita.

Wai laifinta, in jariri ya faɗo ba ta faɗin mace ce ko namiji sai ya ja numfashi ya yi kuka. Ko ƙofar za ka ɓalle ba za ta waiwayo ba. Wanda ya fi kowa yayata zancen kuwa jikana ne, ɗan 'yata, wanda muke kira Rediyo don bakinsa ba ya mutuwa. Matarsa ta haihu a hannunta makon jiya, ya tsaya a ƙofa yana ta "Baba, me aka samu?" ta yi banza da shi. Sai ya zaga shagon aski da tashar mota yana cewa tsohuwar girman kai ne ya yi mata yawa.

Na ce, "Zo nan, ja'iri. Da wane numfashi kake zaginta?"

Ya ce, "Da nawa mana, Kaka."

"Naka? A wace kasuwa ka sayo?"

Na zaunar da shi na ba shi labarin kansa. Bakwaini aka haife shi, ya faɗo laƙwas, jikinsa kamar toka, ko uffan. Ina bakin ƙofa ni da kakarsa ta wajen uba, ita ba abin da ya dame ta sai "Namiji ne? Ku duba mana!" Uwarsa na kan gado tana "Ya mutu ne? Don Allah ku faɗa min!" Kurma ba ta kula kowa ba. Ta goge shi, ta murza bayansa, ta kafa masa robar nan a hanci da baki, tana matsawa, idonta a kan ɗan ƙirjin da bai kai tafin hannuna ba. Can sai muka ji wani ɗan tsut, kamar na jinjirin mage. Sannan ta ɗago kai ta ce, "Namiji ne. Sai wace tambayar kuma?"

Da yake ni ba na barin abu a ciki, washegarin haihuwar na tsare ta na tambaye ta dalilin yin banza da mu. Ta ce, "Iya, ɗa a ciki ba ya shaƙar iska. Huhunsa cike yake da ruwa, uwarsa ke shaƙar masa, ya samu ta cibiya. Kuma huhu yana cikin abin da ke nuna a ƙarshe. Sai ciki ya tsufa yake fitar da wani santsi kamar na sabulu, wanda ke hana shi mannewa irin na jiƙaƙƙiyar leda. Bakwaini yakan rigayi santsin nan fitowa. Da an haihu kuwa, dole nan take ruwa ya ba iska wuri. Kuna tambayar mace ko namiji, ni ban san ko rayayye ne a hannuna ba. Kunnena na kan ƙirjinsa, ina na ga wanda zan ba ku?"

Kun ji kurumtar da ake zagi. Tir da mu!

Kurma, ke ce mai jiran kukan fari. Ke ce kika sha harara da tsaki a bakin ƙofar nan, ba ki taɓa barin ɗan wani don ki wanke kanki ba. Rabin masu ƙarar murya a layinmu ke kika buɗe musu ƙirji, yau da shi suke yi da ke.

Jiya na ja Rediyo da kunne har gabanta. Ya durƙusa yana ban haƙuri, ya kawo wannan ya kawo wancan, ko tsayawa haɗiyar miyau ba ya yi. Ta ƙura masa ido har ya gama, sannan ta dube ni ta ce, "Iya, huhun nan dai ya nuna."

Mun gode, baiwar Allah. Allah Ya ba ki hutu mai daɗi, Ya saka miki da alheri. Ku kuma 'yan matan da za ku gaji ɗakin, na ga wayoyinku ba sa barin kunnuwanku. Ku karɓi robar daga hannunta, ku roƙe ta ta bar muku kurumtar ma.