Karen da Ya Mallaki Buta

A shekarar da aka yi mini satar awaki a Sukuntuni na kawo kare gida. Yayana, wanda shi ne babba a gidanmu, ya yarda bisa sharaɗi ɗaya: wurin kare turken awaki ne, kada ya kusanci kayan sha da na alwala. Ni ma ina son kowane abu ya zauna a wurinsa, don haka ban yi gardama ba.

Sata ta tsaya. Sai wata matsala ta taso, kuma ga yadda ta zo daki-daki. Da farko, na zauna alwala, kare ya zo ya zuba mini ido. Na biyu, don ya ba ni wuri, na jefa masa ƙanzon tuwo can nesa. Na uku, ya cinye ya dawo. Kafin damina ta wuce, karen ya yanke hukuncin cewa duk inda buta take, ƙanzo yana kusa. Da ya ji ana zuba ruwa, ya iso. In ba a jefa masa komai ba, sai ya lashi bakin butar don ya tuna wa mai ita.

Abin da kare ya lasa kuwa, wanki bakwai ne. Matata ta koma ba ta da aiki sai wankin buta.

"Malam," ta ce, "ni na auri mutum ne ko na auri butocin gidanku?"

Na gwada tsawa, ya ɗauka gaisuwa ce. Na ɗaure shi, ya yi ta kuka har aka kwance shi. Muka rataye butocin a reshen darbejiya, sai ya tare a gindinta yana jiran su nuna.

Ranar da ya lashi butar baƙon Yaya, wani dattijo daga Kusada, magana ta ƙare. Yaya ya kira ni zaure.

"Wanga kare naka ya gama zama gidan nan. Na yi magana da wani maharbi, zai zo ya tafi da shi."

"Yaya, awakin fa?"

"Ka kwana da su."

Na zauna na bi lissafin karen daga tushe. Shi bai san alwala ba, buta ya sani. To, sai a ba shi tasa. Na samo wata tsohuwa mai yoyo, na ajiye ta a turke. Ƙanzo ba ya fita sai a gefenta. Na hana kowa a gidan jefa masa ko ƙwayar gero a wani wuri, har da ni kaina. In ya zo wurin mai alwala, kada a kore shi, kada a kalle shi.

Ya gane. Sai dai ya ƙara nasa tsari a kan nawa. Da ya ji ana zuba ruwa, sai ya ruga turke, ya ɗauko butarsa a baki, ya zo ya ajiye ta a ƙarshen layin masu alwala, ya zauna a bayanta. Ba ya taɓa ta kowa.

A haka maharbin ya same shi, ana shirin azahar. Ya daɗe yana kallonsa.

"Wannan ne karen?"

"Shi ne," in ji Yaya.

"A'a, Alhaji. In shiga daji da wanga, abokan farauta su ga karena da buta, ni ba ni da ita? Ina zan sa kaina?"

Ya yi sallama ya hau babur ɗinsa. Yaya ya dubi karen, ya dubi butar da yake alwala da ita, wadda ba a lasa ba, ya ci gaba da wanke ƙafa.

"Ka dai gaya mashi," ya ce, "iyakarshi ƙofar gida. Kada in gan shi hanyar masallaci."

Na ɗauki ƙanzo na nufi turke, karen ya biyo ni da butarsa.