Sabis ɗin Benin a Tsakiyar Kogi

Shekara uku na yi a jami'a ina fama da furotin ɗin tsutsar tsargiya, cutar da ta sa Babana fitsarin jini tun yana saurayi, kamar yawancin masuntan Kaoje. Da ƙyar na samu ya daskare ya zama 'yan ƙwayoyi, ƙwayar gishiri ma ta fi su girma. Muka aika da su Turai cikin tulun sanyi, inda wata ƙatuwar na'ura za ta haska su da hasken eksire a gano siffarsu. Hannun ƙarfe ke ɗora su kan na'urar, ni nawa in zaɓa daga nan ta intanet a kwamfutata. Awa huɗu kacal aka ba ni, in ta wuce sai baɗi.

Ana saura kwana biyu aka ce jikin Baba ya tashi, na taho gida. Ranar aikin kuwa sabis ya ɗauke ƙaf! Na zagi waya, na zagi kamfanin, na zauna ina kuka.

Baba ya ɗago daga tabarma ya ce, "Mi ya faru, ɗiyata?"

Da na gaya masa, sai ya ce masunta na kama sabis ɗin ƙasar Benin a wani wuri tsakiyar kogi. Na ce wallahi ba zai tashi ba. Ko kallona bai yi ba, ya jawo sandar tuƙinsa.

Muka shiga kwalekwalensa. Can ya kafa sandar, ya riƙe shi kada ruwa ya ja mu. Na lulluɓe kwamfutar da hijabina saboda rana. Ƙwaya ta farko fanko, ta biyu fanko. Azahar ma a zaune muka yi ta, bi da bi. Ya ce, "Aikin nan naku mamari ne, ka ɗana ƙugiyoyi ka jira rabo."

A ta tara ɗige-ɗigen da ke nuna siffar suka cika allon, ras! Na yi ihu har kwalekwalen ya girgiza.

"An samu maganin ke nan?"

Kunya ta kama ni. Na ce siffar kawai aka gani, magani kam sai bayan shekaru masu yawa.

Ya dubi allon ya ce, "To, ba nawa ba ne. Saura nawa?"

"Bakwai, Baba."

Ya gyara riƙo ya ce, "Ci gaba."

Bai ga damina ta gaba ba.